Yadda aka yi dashen wasan Doom daga kwamfuta zuwa akwatin wasa na gida

A ranar 10 ga watan Disambar 1993 ne wani ƙaramin kamfani mai suna id Software, da ke garin Mesquite a jihar Texas ta Amurka, ya fitar da wani wasan harbe-harbe na kwamfuta da ya raɗa wa suna Doom.

Kafin shekaru huɗu su cika, wasan ya tashi daga teburin kwamfuta ya shiga ɗakunan jama'a ta hanyar akwatunan wasa iri shida, waɗanda ake jona wa talabijin.

To amma babu ko ɗaya daga cikin shidan da ya zo daidai da na asali. Wani ya zo babu kiɗa, wani an zubar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na matakansa, wani kuma hotonsa ya ƙanƙance ya koma tsakiyar allo.

Yadda hakan ta faru ya shafi duk magidancin da ya taɓa saya wa 'ya'yansa akwatin wasa, ko yake ba su kuɗin zuwa gidan gem. Suna ɗaya ne a jikin kwali, amma abin da ke ciki ya danganta ne da ƙarfin na'urar, da lokacin da aka ba ma'aikata, da kuma abin da mai na'urar ya yarda a nuna.

Wane irin wasa ne?

A cikin Doom, mai wasa yana kallon abin da ke gabansa ne ta idon wani soja, inda bakin bindigar sojan ke leƙowa daga ƙasan allo.

Labarin dai ƙirƙirarre ne. Wani gwajin kimiyya ne ya ɓaci a sansanonin da ke kan watannin duniyar Mars, dodanni da shaiɗanu suka kwararo, sojan kuma ya rage shi kaɗai yana neman mafita daga wannan ɗaki zuwa wancan.

Wasan na da matakai 27 da aka kasa gida uku. Kamfanin ya raba kashin farko mai matakai 9 kyauta ta intanet, wanda kuma ya so sauran biyun sai ya aika dala 40.

John Carmack ne ya rubuta manhajar da ke zana hotunan, yayin da John Romero da Sandy Petersen suka tsara matakan.

Miliyoyin mutane sun buga wasan, sai dai kwamfutar da za ta iya ɗaukarsa a wancan lokaci kuɗinta ya haura dala 1,000. Akwatin Super Nintendo kuwa dala 199 aka sa masa da ya shiga kasuwar Amurka a 1991, PlayStation kuma dala 299 a 1995.

Ke nan akwai ɗimbin gidajen da ke da talabijin da akwatin wasa amma ba su da kwamfuta. Wannan kasuwa ce kamfanoni suka yi wa rububi.

Me ake nufi da dashe?

Manoman rani na Kadawa sun san cewa idan aka raini irin tumatir ko na shinkafa aka cire shi aka kai gona, kamawarsa ta danganta da irin ƙasar da ya tarar, da ruwan da ya samu, da kuma lokacin da aka dasa shi.

Kusan haka lamarin yake idan za a ɗauke manhaja daga na'urar da aka ƙirƙire ta a kai zuwa wata. Shi ya sa kalmar dashe ta fi dacewa da aikin a kan kalmar kwafi.

Dalili kuwa shi ne kowace ƙwaƙwalwar na'ura tana da nata jerin umarnin da take ganewa. Kwamfutocin da Doom ya fito a kansu na amfani ne da ƙwaƙwalwar kamfanin Intel, samfurin 386 da 486. Akwatunan Sega 32X da Saturn na amfani da ta kamfanin Hitachi, PlayStation na amfani da samfurin MIPS, Super Nintendo kuma da wata tsohuwar ƙira ta daban.

Umarnin da aka shirya wa ɗaya, ɗaya ba ta fahimtarsa. Dole ne a koma ga asalin rubutun manhajar, wato wanda ɗan Adam ya rubuta da hannunsa, a sake juya shi zuwa yaren sabuwar na'urar, a kuma sauya duk sassan da ke hulɗa da allo da sauti da madannai.

Doom ya ɗan sauƙaƙa wannan ɓangare, domin an rubuta mafi yawansa ne da yaren manhaja na C a kan kwamfutocin NeXT, kafin a juya shi zuwa kwamfutocin gama-gari. Tun farko ke nan an ware sassan da suka dogara da na'ura daga sauran.

Babbar matsalar tana wajen ƙarfi ne.

Tazarar ƙarfi

Motsin da ake gani a allo jerin hotuna ne da ke maye gurbin juna da sauri. Doom kan zana hoto har sau 35 a cikin daƙiƙa guda, kowane hoto kuma ɗigo 64,000 ne, wanda sai na'ura ta lissafa launin kowannensu.

Domin yin hakan, wasan na bukatar ma'ajiyar aiki mai girman megabait 4, ya kuma fi gudu a kan ƙwaƙwalwar 486, wadda samfurinta da ya yaɗu ke bugawa sau miliyan 33 a daƙiƙa.

Super Nintendo kuwa ma'ajiyar aikinsa kilobait 128 ce, wato kashi ɗaya cikin 32 na abin da wasan ke nema. Ƙwaƙwalwarsa ba ta kai bugu miliyan 4 a daƙiƙa ba.

Sai kuma wurin adana wasan kansa. Hotuna da sauti da taswirorin Doom sun haura megabait 10, alhali kaset ɗin da aka saka shi a ciki domin Super Nintendo megabait 2 ne kacal.

Akwai kuma batun hannu. Mai kwamfuta yana da allon madannai fiye da 100 da linzami, mai akwati kuwa ɗan abin riƙewa ne da shi mai madannai ƙalilan. A nan Doom ya yi dace, saboda ba a ɗaga kai sama ko a sunkuyar a cikinsa, wasan ne da kansa ke saita harsashi ga abin da ke sama ko ƙasa.

Ita ma talabijin ta wancan zamani ba ta kai allon kwamfuta fitar da hoto tar ba, ga shi kuma tsarinta ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Amurka da Japan na amfani da tsarin NTSC mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, Najeriya da yawancin ƙasashen Turai kuwa PAL mai sau 50. Wannan ne ya sa akwatin da aka shigo da shi daga Amurka yakan nuna hoto baƙi da fari a wasu talabijin na nan.

Kowa da abin da ya sadaukar

Akwatuna biyu ne suka fara samun wasan a watan Nuwamban 1994, wato Atari Jaguar da Sega 32X.

John Carmack da kansa ya jagoranci dashen Jaguar. Ya rage wa taswirori sarƙaƙiya, ya rage yawan zanen bango, ya kuma cire manyan dodanni biyu da ke jiran mai wasa a ƙarshen kashi na biyu da na uku.

Bugu da ƙari, ɓangaren na'urar da ya kamata ya riƙa buga kiɗa sai aka ɗora masa wani lissafin wasan. Sakamakon haka babu kiɗa yayin da ake cikin wasa, sai an kammala mataki.

Duk da haka an yaba da dashen, kuma taswirorinsa da aka rage su ne aka riƙa gina wasu dashe-dashen a kansu daga baya.

Na 32X kuwa an yi shi ne cikin gaggawa domin ya riski fitowar akwatin a kasuwa. Matakai 17 kawai ya samu, an jefar da kashi na uku ɗungurungum.

A watan Nuwamban 1995 kamfanin Williams ya fitar da na PlayStation, wanda masu sharhi da dama ke ɗauka a matsayin mafi kyau a wancan zamani. Da yake PlayStation na amfani da faifan CD, wurin adanawa bai zama matsala ba, har aka haɗa matakai 59 daga Doom da magajinsa Doom II.

An ƙara masa fitilu masu launi, Aubrey Hodges kuma ya sauya kiɗan da wani sauti mai sanya fargaba. Amma ko a nan sai da ma'ajiyar aiki mai megabait 2 ta tilasta aka bar wani dodo guda a baya, saboda hotunan motsinsa sun yi yawa.

Aikin da aka ce ba zai yiwu ba

Dashen da ya fi ba mutane mamaki shi ne na Super Nintendo, wanda ya fito a watan Satumban 1995.

Wani mai tsara manhaja, Randy Linden, shi ya fara aikin a kashin kansa, ba tare da asalin rubutun id Software a hannunsa ba. Ya dogara ne da wani bayani da masu sha'awar wasan suka tattara kan yadda aka jera taswirori a cikin fayil, sannan ya rubuta sabuwar manhajar zane tun daga tushe.

Sai da ya ga abin ya tashi sannan ya nuna wa kamfanin da yake wa aiki, Sculptured Software, aka nemi izinin masu wasan.

Tun da ƙwaƙwalwar akwatin ba za ta iya ba, sai aka dasa wata ƙarin ƙwaƙwalwa mai suna Super FX 2 a cikin kaset ɗin kansa, mai bugu kimanin miliyan 21 a daƙiƙa. Wato duk wanda ya sayi kaset ɗin ya sayi wata 'yar ƙaramar kwamfuta ce tare da shi.

Ko da hakan sai da aka yi ragi mai yawa. An cire zanen daɓe da na rufi, aka bar launi zalla. A kwamfuta ana ganin kowane dodo ta fuskoki takwas, a nan kuwa hoton gaba kawai aka bari, don haka kullum dodo yana fuskantar mai wasa, faɗan da dodanni kan yi a tsakaninsu ma ya kau.

Hotunan da ake zanawa sun sauko zuwa kimanin 10 a daƙiƙa. Babu kuma halin ajiye inda aka tsaya, idan wuta ta ɗauke sai a sake daga farko.

Amma matakai 22 daga cikin 27 sun shiga, taswirorinsu sun fi na Jaguar kusanci da na asali, manyan dodannin nan biyu kuma suna nan.

Sauri ya haifi nawa

Ba ƙarfin na'ura kaɗai ke yanke hukunci ba. Akwatin 3DO, wanda aka fara sayarwa dala 699 a 1993, ya fi Super Nintendo ƙarfi nesa ba kusa ba, amma dashensa na cikin waɗanda aka fi kuka da su.

Rebecca Heineman, wadda aka ba aikin a 1995, ta bayyana daga baya cewa an shaida mata wasan ya kusa kammala, 'yan gyare-gyare kawai suka rage. Da ta karɓa sai ta tarar ba a ma fara ba.

A cewarta, kamfanin da ya sayi lasisin ya ɗauka dashe bai wuce a sake juya rubutun manhaja ba, ƙara sabon makami kuma bai wuce a zana hotonsa ba. Makonni 10 aka ba ta, ta ce kusan a ofis ta tare har ta gama.

Lokaci bai ishe ta ta daidaita zanen da na'urar ba, sai aka ƙanƙance hoton zuwa wani ɗan murabba'i a tsakiyar allo domin wasan ya iya motsi.

Na Sega Saturn da ya fito a 1997 kuma saɓanin ra'ayi ne ya kayar da shi. Jim Bagley na kamfanin Rage Software ya rubuta manhaja mai sauri da ke amfani da sassan zane na akwatin, sai John Carmack ya ƙi amincewa saboda zanen bango yana karkacewa idan ana tafiya.

Aka koma wata hanyar da ta ɗora nauyin a kan ƙwaƙwalwa, wasan ya fito yana jan ƙafa. Shekaru bayan haka Carmack ya amsa cewa da ya bari an gwada hanyar farko.

Batun tacewa

Abu na uku da ke sauya wasa shi ne ƙa'idar mai akwati. Kowa na iya rubuta wa kwamfuta manhaja, amma babu wasan da ke shiga akwatin Nintendo ko Sega ko Sony bisa ƙa'ida sai da izininsu.

Wasan da id Software ya yi kafin Doom, wato Wolfenstein 3D na 1992, kan yaƙi da 'yan Nazi ne na Jamus. Da aka dasa shi a Super Nintendo a 1994, sai aka cire jini, aka goge tambarin Nazi, aka aske wa hoton Hitler gashin baki aka sauya masa suna, karnukan da ake harbi kuma aka mai da su manyan ɓeraye.

Amma a shekara mai bi, Doom ya shiga akwatin guda da jininsa. Abin da ya sauya a tsakani shi ne tsarin rarraba wasanni bisa shekaru.

A ranar 9 ga Disambar 1993, kwana guda kafin fitowar Doom, Majalisar Dattawan Amurka ta fara sauraron bahasi kan tashin hankali a wasannin bidiyo, bisa jagorancin Sanata Joe Lieberman da Sanata Herb Kohl. Matsin lambar ya sa kamfanonin suka kafa hukumar ESRB a 1994.

Daga nan nauyin ya tashi daga kan mai akwati ya koma kan iyaye. An buga wa Doom harafin M, ma'ana na 'yan shekara 17 zuwa sama. Harafin T na nufin 13 zuwa sama, E kuma na kowa da kowa. A Turai tsarin PEGI da aka fara a 2003 lambobi yake amfani da su: 3, 7, 12, 16 da 18.

Kasuwa ma kan sa a tace. Da aka dasa Doom a ƙaramin akwatin hannu na Game Boy Advance a 2001, an mai da jinin kore, wasan ya samu harafin T.

Jamus kuwa ta sa wasan a jerin abubuwan da aka hana tallatawa ko sayar wa yara tun 1994, ba ta cire shi ba sai 2011.

Ga iyaye a arewacin Najeriya da Nijar, inda da yawa ke da damuwa kan hotunan shaiɗanu da zubar da jini, akwai wani giɓi. Alamar shekarun a jikin kwali take, alhali wasanni da dama ana ɗura su ne kai tsaye a cikin akwati a shago, ba tare da kwali ba. Sai dai ana iya neman sunan wasa a shafukan intanet na ESRB ko PEGI a ga rukuninsa.

Daga akwati zuwa tarakta

A ranar 23 ga Disambar 1997, id Software ya saki asalin rubutun manhajar Doom ga jama'a, sannan a 1999 ya sa shi a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar gyarawa da rabawa.

Tun daga nan dashen Doom ya zama wani ma'auni a tsakanin masu tsara manhaja. An tayar da shi a kan na'urorin lissafi na ɗalibai, da wayoyin salula, da na'urar cirar kuɗi. A 2014 wani mai binciken tsaro ya tayar da shi a ɗan allon na'urar buga takardu ta Canon, domin ya nuna cewa ana iya kutsawa cikinta.

A watan Agustan 2022, a taron masana kutse na DEF CON a birnin Las Vegas, wani mai bincike ya nuna wasan yana gudana a allon sarrafa tarakta ta kamfanin John Deere.

Manufarsa ita ce jawo hankali ga koken manoma cewa manhajar da ke cikin taraktocin zamani a kulle take, ta yadda wasu gyare-gyaren ba sa yiwuwa sai ta hannun dillalin kamfani. Batu ne da ya shafi duk manomin da ke tunanin sayen injin zamani alhali yana nesa da dillali.

Ina aka kwana?

A yau tazarar ta ragu ƙwarai. Tun daga PlayStation 4 da Xbox One na 2013, manyan akwatunan Sony da Microsoft suna amfani ne da ƙwaƙwalwar kamfanin AMD, 'yar gida ɗaya da ta kwamfuta.

Shi kansa id Software ya koma ƙarƙashin Microsoft a 2021, bayan da ya sayi uwar kamfanin, ZeniMax, a kan dala biliyan 7.5. A watan Agustan 2024 an sake fitar da Doom da Doom II a haɗe domin akwatunan zamani.

Sai dai tsohuwar matsalar ba ta gushe ba. Da kamfanin Panic Button ya dasa sabon Doom na 2016 a akwatin Nintendo Switch a 2017, sai da ya rage hotuna daga 60 zuwa 30 a daƙiƙa, ya kuma rage kaifin zane.

Irin wannan lissafi ne ke gaban duk matashin da ke rubuta manhaja domin wayoyi masu araha, masu ƙaramar ma'ajiya, a wuraren da intanet ke da rauni: me za a bari, me za a zubar, ba tare da manhajar ta rasa amfaninta ba.

Rebecca Heineman ta saki rubutun dashen 3DO a 2014, Randy Linden kuma ya saki na Super Nintendo a 2020. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero ko a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil na iya sauke su daga intanet, ya jera su da na asali, ya ga inda kowannensu ya yanke da kuma dalili.

Hotuna da sauti da taswirorin wasan dai har yanzu mallakar kamfanin ne, rubutun manhajar kaɗai aka sake.